Fitilar da Ya Kunna wa Baba

"Tsayar da shi! Na ce ka tsayar!"

Mijina ya danna kwamfutar, hoton ya daskare. Abincin rana na kawo masa ɗakin da yake tace sabon fim ɗinsa, sai idona ya faɗa kan wani tsoho a allon. Tabarau a kan karan hanci, yana buga tebur da yatsa biyu kafin ya yi magana. Babana sak!

"Rabin raina, fim ne fa..."

"Kar ka raina min hankali! Ba kai ka koya min ba? Ka ce in ana son mutum ya zama dodo, sai a kunna masa fitila daga ƙasan haɓa. Dubi idanunsa, ramuka biyu baƙi ƙirin! Inuwarsa ta cinye bango. Shi kuwa saurayin, wato kai, ka zaunar da shi bakin taga, haske na shafa masa fuska kamar jariri!"

Ya miƙe tsaye.

"To haka na gan shi! Shekarun da na yi ina neman aurenki, a bakin ƙofa yake barina a tsaye. Ɗan fim ɗin nan, haka yake kirana. Ko sunana bai taɓa kamawa ba!"

"Ranar da ƙarfen fitila ya faɗo maka fa? Wa ya cicciɓe ka zuwa asibiti, jininka na zuba a rigarsa? Wannan ba ka ɗauka ba!"

Na nuna allon da yatsa.

"Baba ya ɗinka sabbin kaya saboda ranar da za a nuna fim ɗin nan. Abokansa duk ya gayyace su. Ka ƙara hasken!"

"Ba zai ƙaru ba. Sai dai a sake ɗauka daga farko..."

"To ka zaɓa. Ko ka sake, ko ka nemo ni a gidanmu!"

Na figi jakata. Wayarsa ta yi ƙara, sunan Baba a kai. Na danna masa, na buɗe murya.

"Ɗana, kujera nawa ka ajiye min? A gaba nake so, idona ya yi rauni."

Mijina ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza.

"Baba... an ɗage ranar. Akwai gyara."

Na ajiye jakar, amma ban kalle shi ba. Da sauran fushina.