Wadda Ta Riga Ni Komawa Gida

Gwaggona ce ta fara gaya mini cewa aljani yana iya aron fuskar mutum, da muryarsa, har da labaran rayuwarsa. Ta ce abu ɗaya ne ba ya iya ara. Na tambaye ta mene ne, ta ce in tashi in wanke kwanuka. Har ta rasu ba ta faɗa ba.

Lokacin da abin ya same ni, shekarar kakanku bakwai da makancewa. Ni ke masa komai, ni ke ɗinki mu ci. Ranar, dab da magariba, na fita sayo masa maganin ido. Na dawo ina jan ƙafa, gwiwa na ciwo, raina a jagule ba dalili.

Tun daga bakin ƙofa na ji keken ɗinkina yana tafiya. Kakat-kakat, ya ɗan tsaya, ya ci gaba. Haka nake taka shi saboda gwiwar nan. Duk duniya ba mai taka shi haka sai ni.

Na tura ƙofa. Warin man keke, da wani wari kamar yanzu aka kashe ashana.

Ga ni zaune a kan keken.

Ɗankwalina. Tabon ƙuna a hannun hagu. Allura a leɓe.

Kakanku yana kan tabarma, ya juyo da kai. "Wa ya shigo, Mai Mita?" Haka yake kirana.

"Ba kowa, Malam," wadda ke kan keken ta ce da muryata. "Iska ce."

"Ni ce!" na ce. Da ƙyar ni kaina na ji muryar.

Na fara faɗin sunan ɗanmu da ya rasu yana goye. Ta riga ni ƙarasawa.

Jikokina, ku duba fa. Fuska tata ce, murya tata ce, abin da ya wuce ma nata ne. To me ya rage da za a nuna a ce ni ce? Na dubi hannuna. Ya fara dishewa, har ina hango ledar magani ta cikinsa.

Na san in ya ce ita ce matarsa, tawa ta ƙare.

Malam ya gyara zama. Ya yi bisimilla ƙasa-ƙasa.

"Tambaya ɗaya," ya ce. "A cikinku wa ta gaji da ni?"

"Haba Malam," ta ce a tausashe. "Ko da wasa."

Abin da nake faɗa masa kullum ke nan. Abin da ke ƙarƙashi kuwa, bakina bai taɓa furta shi ba. Daga ni sai Allah.

"Ni ce," na ce. "Na gaji, wallahi. Wani lokaci in na fita ba na son dawowa. Amma ga maganinka, tsoho, ɗaga kai."

Keken ya yi tsit.

Kujera ba kowa. Matakin keken kawai ke lilo shi kaɗai.

Na matse hannuna. Nama ne, da ɗuminsa.

Malam yana dariya, hawaye na bin gemunsa. "Na daɗe da sani, Mai Mita. Jira nake ki faɗa."

Washegari na ɗauko rigar da ta bari a kan keken. Ɗinki miƙe sambal, ban taɓa yin irinsa ba. Na sa reza na farke shi tas, na sake ɗinkawa, da karkacensa da komai.