Tsohon da Ya Gangaro Rafi

Tun hantsi Ilarie yake cikin rafin nan na kan dutse, ruwa iya gwiwa, yana wurga fatsarsa mai ƙudan ƙarya na gashin zakara, ko kifi ɗaya bai taɓa ba. Ya kasa haƙura, ya kasa tsayawa wuri guda. Da almuru sai ya hangi wani tsoho yana gangarowa ta tsakiyar ruwa.

Ransa ya ɓaci. Kowa a duwatsun nan ya san mai fatsa haurawa yake yi, don kada ya dama laka ya kori kifi.

"Haba Baba! Da girmanka? Ka ɓata mini wuri!"

"Ni?" in ji tsohon, muryarsa kamar daga cikin rijiya. "Matso nan, ɗana, manyan kifayen suna wajena."

Ilarie ya ɗaga ƙafa ke nan sai ya dubi ƙasa. Ruwan garau yake. A gwiwoyinsa yana rabewa yana kumfa, a na tsohon kuwa wucewa kawai yake yi. Wani kifi mai ɗigon ja ya taso a hankali, ya shiga ƙwaurin tsohon, ya fita ta baya.