Ƙunar Hannun Ummul Khairi

"Ke Ummul Khairi! Wai miyar nan ita za ta kaɗa kanta?"

Inna Shatu ce ke faɗa daga bakin ɗaki. 'Yar tata kuwa tana gaban murhu, maburgi a hannu, littafin tarihin Damagaram a cinya, wasu kuma zube a tabarma. Yarinya kyakkyawa, amma Allah ya jarrabe ta da labarin mutanen da suka daɗe a ƙasa! Shekararta ta ƙarshe ke nan a makarantar horon malamai, tana sitaj, wato gwajin koyarwa, a wata lakkwal, makarantar boko ta yara, a garin Droum, sai Asabar take zuwa gida. Bikinta da Abdul'aziz kuwa an sa shi bayan Salla.

Ba ta kai ga amsawa ba aka banko ƙofa. Sha'ibu ne, wan Abdul'aziz, ba sallama, dorina a hannu, ido jawur.

"Ina take? Ina mai dogon bakin?"

"Subhanallahi! Sha'ibu, lafiya?" in ji Inna.

"Inna, ki matsa! Ke, me kika faɗa wa 'yan lakkwal a Droum?"

Ummul Khairi ta ce, "Yaya, darasi ne fa, a kan maƙeran da suka ƙera wa sarakunan da igwa. Na ce kakanku Nomau yana cikinsu. Abin alfahari ne, wallahi—"

Tas! Mari ya sauka, ta kife gefen murhu.

"Alfahari? Jiya ina awon riɗi a kasuwar Droum, wani ƙato ya miƙo mini fartanya wai in gyara masa bakinta! Kasuwa ta kwashe da dariya. Mu da duk unguwar Zango ta san jikokin fatake ne!"

Gaskiyar magana, ba ƙarya ta yi ba. Iya Fanta, kakar su Abdul'aziz, ita ta raɗa mata labarin wata rana tana yi mata tsifa. Tun zamanin ubansu gidan ya bar maƙera ya kama fatauci, aka binne zancen. Ita kuwa daɗin labari ya ɗebe ta, ta sake shi gaban yara.

Sha'ibu ya kwashi littattafan ya antaya su cikin wuta. Ummul Khairi ta ƙwalla ƙara, ta cusa hannunta na dama cikin garwashi, tukunya ta tuntsure, tafasasshiyar miya ta wanke mata shi har gwiwa. Dorina kuma ba ta fasa sauka a bayanta ba.

Ana haka Abdul'aziz ya faɗo gidan, ko moto bai kashe ba. Ya riƙe dorinar.

"Yaya, mace? Mace kake duka a gidan ubanta?"

Sha'ibu ya zari itace daga murhu ya rafka masa a goshi. Jini ya ɓalle, ya rine farar rigarsa. Inna na ihu, maƙwabta suka shigo, da ƙyar ƙarti uku suka danne shi. Ana jan sa yana kumfar baki:

"Ni ne uba a gidanmu tun da Baba ya rasu! In ina numfashi, ba a ɗaura auren nan!"

A asibiti aka ɗinke wa Abdul'aziz goshi, aka naɗe wa Ummul Khairi hannu. Inna ta ɗauki mayafi za ta komisariya kai ƙara wurin 'yan sanda, Ummul Khairi ta riƙe ta da hagu tana kuka.

"Inna, ki bari. In aka rufe shi, aure ya mutu har abada. Kuma ni na fara. Amana tsohuwa ta ba ni, na kai ta aji."

Ta koma Droum tana rubutu a tabulo, allon aji, da hagu, layi na hawa yana gangara, yara na ƙunshe dariya. Zafin ƙuna bai kai mata zafin zuciya ba, don tana son Abdul'aziz kamar ranta. Ya kira ta a waya ya ce, "Bon, ya isa haka. Mu tafi Maraɗi a ɗaura, wa zai hana?"

"Ni zan hana," ta ce. "Ba zan shiga gidanku ta kan katanga ba."

Wata Asabar Sha'ibu ya dawo da samari su kwashe akwatunan lefe. Unguwa ta cika ƙofar gida, masu kallo har kan garu. An fito da na farko ke nan sai ga Abdul'aziz riƙe da Iya Fanta, tana dogara sanda. Tsohuwar ba ta kalli kowa ba. Ta zauna a turmi ta ce, "'Yar nan, kawo hannun."

Ummul Khairi ta durƙusa. "Iya, ki yafe mini, na ci amanarki."

"Kin ci kam, kuma zan ja miki kunne. Kawo hannun na ce!"

Ta riƙe shi a tafinta, ta yi bisimilla, ta motsa baki, ta shiga tofawa a kan ƙunar. Wa bai sani ba a ƙasar Damagaram? Tofin wuta gadon maƙera ne, ba mai yin sa sai jininsu.

"Iya! A gaban mutane?" Sha'ibu ya zabura zai janye ta.

Ta sauke masa sanda a ƙwauri, ta ƙara masa a kafaɗa.

"Ka daki yarinya, ka fasa kan ƙanenka, saura ni! To bisimilla, ga ni! Ɗaga rigarka, ja'iri, mutane su ga cikinka. Da ka faɗa kaskon wuta kana rarrafe, wane bafatake ne ya yi maka tofi? Ni ce! Da abin da ubana ya koya mini a gindin uwar maƙera. Na yi shiru shekara da shekaru don ku, yau shirun nawa ya ƙona 'yar mutane. Na gaji!"

Sha'ibu ya dafe cikinsa ta saman riga. Ya dubi hannun yarinyar, ya dubi ɗinkin goshin ƙanensa. Ya sulale ƙasa yana kuka kamar yaro.

"Inna, ku yafe mini. Samari, ku mai da akwatin ɗaki."

Bayan Salla aka ɗaura, Sha'ibu ne ya karɓa wa ƙanensa auren. Tabon bai ɓace ba, da shi Madam Ummul Khairi take riƙe alli har yau.

'Yan uwa, zancen da aka raɗa maka amana ne, komai daɗinsa. Wanda kuma yake jin kunyar kakansa, a kan 'yan uwansa zai huce. Ummul Khairi ta ƙi ƙara, ta ƙi gudu, ta yi haƙuri, har Allah ya sa gidan da ya dake ta ya zo da ƙafarsa ya ɗauke ta.