Kek ɗin Cukun da Ya Yaba

"Ni dai na faɗa miki, yarinyar nan ba ta da dalilin yi masa ƙarya."

"Tana da shi, Umma. Sonsa take yi, kowa ya sani."

Ban ɗago ba. Biskit nake murƙushewa a cikin leda da gindin kofi, ina dannawa kamar shi ya yi min laifi.

Umma ta jingina da ƙofar kicin. "Ko sonsa take, ai gidan kek ɗin da yake aiki na ubanta ne, ta fi ki sanin abin da ke ciki. Ta ce an ɗauke shi daga wajen gashi an mayar da shi kan kanta, yana naɗe wa mutane kwali. Ta ce fashi yake yi, ba wanda ya san inda yake zuwa. Ke ya faɗa miki?"

Bai faɗa min ba.

"Saura ƙiris a ɗaura muku aure, mutum yana ɓoye-ɓoye... Gobe in ya zo ki tambaye shi. In bai ba ki amsa ba, zan sa kawunki ya dakatar da maganar."

Ta tafi ta bar ni da bota tana narkewa a wuta.

A ajin koyon gashi na ƙarshen mako na san shi. Shi ne mai koyarwa, ni ce wadda komai nata ke ƙonewa. Har yau Malam nake ce masa, shi kuma ya ce min Zumata. Kek ɗin cuku ne abu na farko da ya tsaya a kaina har na iya, shi ya sa duk ranar da raina ya ɓaci shi nake yi.

Na cakuɗa garin biskit da bota na danne a gindin gwangwani. Na buga cukun nan mai laushi, na fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, na matsa lemun tsami. Hannuna na aiki, zuciyata tana can wajen kantar da aka ce an tsayar da shi. Na ɗora gwangwanin cikin tiren ruwan zafi na tura a obin. Da ya gasu na kashe wuta na ɗan buɗe murfin, na bar shi ya huce a hankali, don ya sha gaya min gaggawa ce ke tsaga masa fuska.

A firij ya kwana.

Washegari da yamma ya zo. Ya rame. Na daɗe ina ganin haka, ina ce wa kaina hidimar biki ce.

"Zumata, yau kuma wane laifi na yi? Fuskar nan ba kyau."

"Ka ci tukuna."

Na yanka masa, na miƙa masa faranti da cokali. Ya kai baki, ya lumshe ido, ya ƙara. Ban taɓa ganin ya ci da sauri haka ba.

"Ya yi daɗi," ya ce. "Komai ya zauna daidai."

Na tsaya ina kallonsa.

Malam bai taɓa yabon abin da na gasa ba. Kullum sai ya samo wani abu: lemun ya yi yawa, ƙasan ya jiƙe, kin buga ƙwan kamar kina faɗa da shi. Har kuka ya taɓa sa ni, ya dawo yana lallashi.

Na ɗauki nawa cokalin na gutsura.

Tsami da maiƙo kawai. Babu sukari ko kaɗan. Sai lokacin na tuna kofin sukarin da na auna na ajiye a bayan fulas Umma tana magana, ban ƙara bi ta kansa ba.

Na haɗiye da ƙyar.

"Zaƙin bai yi yawa ba?"

"A'a, daidai yake."

"Malam... babu sukari a ciki."

Cokalin ya tsaya a hannunsa. Ya dubi farantin da ya kusa sharewa, ya dube ni, ya yi wata 'yar dariya da gara a ce kuka ya yi.

"Kin kama ni."

"Ba tarko na ɗana maka ba. Mantuwa na yi."

"Na sani. Da tarko ne ai da kin ƙona shi ma."

Ban yi dariya ba. Ya ajiye farantin a kan tebur a hankali.

"Ƙamshi ne ya fara tafiya. Wata rana burodi ya ƙone a gabana ban ji ba, sai da hayaƙi ya cika ɗakin. Daga baya ɗanɗano ya bi shi. Yanzu komai a bakina kamar jiƙaƙƙen kwali." Ya ɗora yatsa a tsakanin girarsa. "Sun ce wani ƙari ne a nan ciki. Asibiti nake zuwa ranakun da ba na aiki. Za su yi min tiyata."

"In an cire za ka warke?"

"Wataƙila in tashi ɗanɗanon bai dawo ba. Wataƙila idona ya taɓu." Ya sauke hannunsa. "Wataƙila kuma ba zan tashi ba. Likitan bai ɓoye min ba."

Hawaye suka ɓalle min, ban ma yi ƙoƙarin sharewa ba.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Kullum da niyyar faɗa nake zuwa. Sai ki fito da faranti kina murmushi, in ce bari sai wani zuwan."

Ya jingina da kujera yana kallon silin.

"Kin san abin da ya fi ci min rai? Ba kek ba ne. Kin tuna alewar lemon nan mai jar leda, ta shagon ƙofar makaranta?"

"Mai yanka harshe."

"Ita. Jiya na kwanta ina neman ɗanɗanonta a kaina, na rasa. Na tuna ledar, na tuna ƙarar buɗe ta a ƙarƙashin benci kada malami ya ji. Amma ita kanta ta ɓace." Ya juyo. "Faɗa min yadda take, Zumata."

Na share hanci da gefen mayafi.

"Da farko tsami take yi, har ka runtse ido. Sai zaƙin ya taso daga baya. In ta yi siriri sai gefenta ya yi kaifi, amma ba ka iya tofarwa."

"Da mai tsinke, mai rina baki shuɗi?"

"Wannan ba ta da daɗi, gayu ne kawai. Umma ta taɓa zane ni a kanta, ta ɗauka tawada na sha."

"Biskit mai kirim fa?"

"Ai ba a cinsa haɗe. Ka raba, ka lashe tsakiyar, ka ba ƙaninka ragowar ka ce ka yi masa kyauta."

Ya yi dariya sosai har idonsa ya kawo ruwa. Daga nan ruwan bai tsaya ba. Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa, ni kuma ina zaune ban da abin da zan miƙa masa sai kek ɗin da ba sukari.

Da ya natsu ya ce, "Na zo ne in ce a dakatar. Ki jira a ga yadda za ta kaya. In na tashi lafiya sai mu sake magana. In kuma ban tashi ba, ba na so ki fara rayuwa da takaba."

"Wa zai zauna da kai a asibitin?"

"Yayana zai riƙa leƙowa."

"Leƙowa..."

Motsi na ji a bakin ƙofa. Umma ce tsaye da tiren shayi, ban san tun yaushe ba. Idonta ya yi ja. Ta ajiye tiren, ta zauna a hannun kujerata, ta dafa min kafaɗa.

"Sannu, ɗana. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa a yi a sa'a." Ta juyo gare ni. "Gaskiya ya faɗa miki, 'yar nan. Ba ƙinsa nake ba, ke nake ji. Na san zaman jinya, na yi na babanku har ƙarshe. Ba abin da zan so miki ba ne."

"Da an ce ki bar Baba shi kaɗai a ɗakin nan, da kin bari?"

Hannunta kawai ya ƙara nauyi a kafaɗata.

"Zumata, ki ji maganar Umma," ya ce.

Na dube shi. In ba aure, iyakacina bakin ƙofa a lokacin ziyara, in gaishe shi in tafi, ya kwana shi kaɗai da tsoronsa. Ni ma ina jin tsoron, amma na miƙe.

"Umma, ki kira Kawu, amma ba don a dakatar ba. Ki ce masa a matso da ranar. Kafin a shiga da shi tiyata za a ɗaura, ni zan yi jinyar mijina."