Jirgin Kara a Lambun Baba Shekara

A zamanin da Faransawa ba su daɗe da kafa mulki a Damagaram ba, an yi wani yaro ɗan lakwal, wato makarantar Nasara. Yaron nan ba ɗan ƙasar ba ne. Daga Gawo ya zo, can bakin babban kogi, tafiyar fiye da wata guda. Kawunsa ma'aikacin gidan waya ne, shi ya ɗauko shi don ya yi karatu.

Yaron yana da kai, wannan kam ba a hana shi. Amma zuciyarsa a kusa take, ga raina abin mutane. In an ba shi tuwo, ya ce, "A garinmu shinkafa muke ci da kifi." In ya ga rijiya, ya ja tsaki ya ce, "Wannan ɗan ramin kuke kira ruwa?" Har yara suka sa masa suna Ɗan Kogi.

Kewar gida ce ke cinsa, amma girman kai ya hana shi faɗa. Kowa ya gaji da shi. Aboki ɗaya ya rage masa, Lawwali, mutumin Matameye.

Da hutun lokacin sanyi ya zo, Lawwali ya ce, "Zo mu je garinmu. Za ka sha rake har haƙoranka su gaji."

Kawu ya yarda. Suka samu kamiyo, babbar motar nan mai ɗauko gyaɗa, suka haye baya kan buhunan wofi. Lawwali sai murna yake, don bai taɓa shiga mota ba. Shi kuwa gogan naka ya haɗe rai tun daga ƙofar gari.

Sau uku motar tana kafewa cikin rairayi. Sau uku mai tuƙi yana cewa, "Kowa ya sauka a tura!" A na ukun iska ta fizge hular Ɗan Kogi, wata akuya ta bi ta kanta. Mutane suka tuntsire da dariya.

Ya ce, "Wace irin ƙasa ce wannan! A garinmu jirgin ruwa ake shiga, mutum na zaune kogi na kai shi."

Wani tsoho ya ce, "To yaro, tura dai. Kogin bai iso nan ba tukuna."

Da la'asar suka shiga Matameye. Inna Salamatu, mahaifiyar Lawwali, ta tarbe su da fura mai sanyi. Ta ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Nan ma gida ne."

Kwana huɗu suna shan daɗi. Sun ci kasuwa, sun sha rake, sun je garin Tsauni kan jaki kallon kokawa. Kullum da safe kuma akwai tulu cike da ruwa a bayan ɗaki, na wankan baƙo. Ɗan Kogi yakan juye shi duka a jikinsa, ko na gode babu.

Rana ta biyar suka tafi lambun Baba Shekara, kakan Lawwali.

Ga yadda lambun yake. Rijiya ɗaya ce tsakanin Baba Shekara da maƙwabcinsa Illa. Yau na wannan, gobe na wancan, haka suka gada. Ranar Baba, tun asuba yake kama jigo, yana jan guga yana juyewa cikin wani ƙaramin tafki da ya shafe da yumɓu. Bakin tafkin a toshe yake da laka. Sai rana ta yi sanyi yake buɗewa kaɗan-kaɗan, ruwa ya bi ƴar hanya ya shiga fangali, wato gadon shuka.

Fangalin da ke kusa da tafkin shi ne ran Baba. Irin albasa ne a ciki, sirara kamar tsinken tsintsiya. Kwana talatin da biyar yana renonsu. Saura kwana biyar a dasa su a cika lambu. Da albasar nan gidan ke cin rani.

Baba ya ce, "Ku ji nan, ƴan lakwal. Ku sha rake, ku yi wasanku. Amma kada hannun kowa ya taɓa bakin tafkin nan."

Da azahar Baba ya tafi masallaci. Lawwali ya kai jaki inuwa can bayan darni. Aka bar Ɗan Kogi da Jamilatu, ƙanwar Lawwali, da wasu yara uku. Jamilatu kuwa bakinta ya fi barkono.

Ta ce, "Wai kai ne ka ce a garinku akwai ɗaki mai tafiya kan ruwa? Ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa."

Ran Ɗan Kogi ya ɓaci. Ya samo karan dawa, ya fere, ya haɗa da ƙaya. Nan da nan ya ƙera ɗan jirgi, kyakkyawa kuwa. Ya ɗora shi kan tafki. Jirgi ya tsaya cik, don ruwan ba ya gudu.

Jamilatu ta riƙe ciki tana dariya. "Wannan ne jirgin? Ai ko sakaina ta fi shi tafiya!"

Ɗan Kogi ya ce, "Kogi kuke so ku gani? To ku buɗe ido!"

Ya ɗaga ƙafa ya doki lakar nan. Kai, wannan yaro! An faɗa maka, da kunnenka ka ji.

Ruwa ya ɓalle, fuu! Jirgi ya bi shi a guje. Yara suka sa ihu suna tsalle. Ɗan Kogi ya buɗe baki yana dariya, karo na farko tun da ya zo.

Dariyar ba ta je ko'ina ba. Ruwan ya fi ƙarfin ƴar hanyarsa. Ya fasa gefe, ya faɗa cikin irin albasa, ya tsaga fangalin biyu. Ya kwashi shukar ya watsa, ya wuce ƙarƙashin darni, rairayi ya shanye shi. Ɗan Kogi ya durƙusa yana tura laka da hannu biyu. Ina! Kafin ya toshe, tafki ya koma taɓo.

Lawwali ya shigo da gudu. Da ya ga abin da ya faru, ya daka tsawa.

"Wa ya yi wannan? Wa ya yi?"

Jamilatu ta nuna da yatsa tana kuka.

Sai ga Baba Shekara. Ya tsaya bakin fangali ya yi salati. Ya sunkuya ya ɗauki irin albasa guda, saiwarsa a waje. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Ya ce, "Yaro, me na ce maka?"

Da ya yi shiru ma da sauƙi. Amma kunya ta juye masa ta zama fushi. Ya murguɗa baki ya ce, "To ba ruwa ba ne kawai? A garinmu ko jaki ba a hana shi wanda ya fi wannan."

Lawwali ya shaƙe masa wuyan riga. "Garinku! Garinku! Kullum garinku! Kowa a lakwal ya ce in rabu da kai, na ƙi. Na kawo ka gidanmu ka kashe mana lambu. Gobe kamiyo zai koma, ka bi shi. Ni da kai mun gama!"

Baba ya ɗaga sandarsa. Ya daɗe da ita a sama, sannan ya sauke. Ya ce, "Sake shi, Lawwali. Ba a dukan baƙo a gidana. Amma wallahi yau ka ƙona mini rai, yaro. Fita mini daga lambu."

Ɗan Kogi ya tafi gida yana huci. Ya ƙulle kayansa cikin zane, ya zauna a zaure. Inna Salamatu ta same shi. Labari ya riga ya iso ta.

Ya ce, "Inna, ba wanda yake sona a ƙasar nan. Kan ruwa za su cinye ni."

Inna ba ta lallashe shi ba. Ta ce, "Rufe mini baki! Tulun da kake wanka da shi kullum, daga sama yake faɗowa? Ruwan wankan Lawwali ne. Kwana huɗu ke nan fuska da ƙafa kawai yake wankewa. Ya ce abokinsa ɗan kogi ne, bai saba da ƙarancin ruwa ba."

Ɗan Kogi ya sadda kai ƙasa. Ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Hawaye suka zubo masa.

"Inna, albasar za ta mutu?"

"Suna can suna tsinta suna mayarwa cikin ƙasa. In ta sha ruwa gobe, wata za ta tashi. Amma gobe ranar Illa ce. A nan kuwa wanda ya yi ɓarna shi ke zuwa roƙo da bakinsa. Baba Shekara ba zai je ba."

Ɗan Kogi ya kwance ƙullin kayansa. Ya tashi ya nufi gidan Illa.

Illa mutum ne mai faɗa. Yana jin bayani ya miƙe tsaye. "Au, kai ne mai jirgin? Ni in ba da ranata saboda wasan banza? Tawa shukar iska za ta sha?"

Yaro ya durƙusa. "Baba Illa, laifina ne, ba na albasa ba. Don Allah a taimaka."

Illa ya harare shi sama da ƙasa. Can ya ce, "To. Daga asuba zuwa hantsi ka ja mini nawa. Abin da rijiya ta rage daga nan, naku ne. In ka gaji ka gudu, magana ta mutu."

Washegari kamiyo ya tashi ba tare da shi ba. Tun asuba yana bakin rijiya. Ya ja igiyar jigo, guga ta nutse, ta taso, ya juye. Ta farko ba wuya. Ta ashirin ma ba laifi. A ta hamsin tafin hannunsa ya yi bororo. A ta tamanin bororon ya fashe. Ya leƙa tafkin Illa, ruwan ko rabi bai kai ba.

Ya ciji leɓe yana kuka yana ja. Wannan karon da kansa yake fushi.

Lawwali na tsaye nesa, ya naɗe hannu a ƙirji. Ya ga jini a jikin igiya. Ya juya baya, ya sake juyowa. Sai ya zo ya ture shi.

"Matsa can. Ko riƙon igiya ba ka iya ba. Kai goma, ni goma."

"Lawwali, ka yafe mini."

"Ja ruwa dai tukuna."

Suka gama na Illa da hantsi. Suka koma nasu. Rijiya ta ja baya, guga tana fitowa rabi-rabi. Ba su tsaya ba sai da la'asar ta kusa. Tafkin Baba bai cika ba, amma ya samu.

Baba Shekara ya zo. Ya dubi tafki, ya kama hannun yaron ya duba. Ya ce, "Guga nawa?"

"Ɗari biyu da sittin, Baba, ni da Lawwali."

"To, ruwa ne kawai?"

Yaro ya sunkuyar da kai. "A'a, Baba. Gumi ne."

Baba ya ce, "Zo ka buɗe. Da yatsa biyu, ba da ƙafa ba."

Ya sa yatsa biyu ya huda lakar. Ruwa ya fito siriri, ya bi hanyarsa a hankali, ya shiga fangali. Yaron ya bi shi yana tare gefe da hannu, kada ko ɗigo ya ɓace.

Bayan kwana uku suka koma lambu da safe. Jamilatu ce ta fara gani. "Kaka! Sun tashi! Sun tashi!" Fiye da rabin irin ya miƙe, kore shar. Illa da kansa ya ƙetaro darni da dami guda na nasa irin, yana faɗa yana miƙawa. "Ungo, ku cike. Kada a ce Illa ya ga maƙwabci cikin wuya ya kau da kai."

A hanyar komawa Damagaram motar ta kafe sau huɗu. Ɗan Kogi ne farkon dira duk lokacin, ba tsaki ba ƙorafi.

Ranar da aka koma lakwal, malaminsu, wanda suke kira Mushe, wato malam da Faransanci, ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani a hutu. Yara suka fara zunɗen Ɗan Kogi, suna jiran ya ce "a garinmu".

Ya miƙe ya ce, "Mushe, na je Matameye. Na yi ɓarna don na raina abin da ban san wahalarsa ba. A garinmu kogi ke kawo ruwa. A nan hannu ke kawo shi."

Mushe ya ce, "Kun ji ko? In ka je ƙasar mutane, ka tambaya kafin ka taɓa, kuma kada ka raina abin da suke riritawa. Fushi kuma ba ya gyara komai, sai dai ya ƙara ɓarna."

Da bazara ta yi, mai kamiyo ya kawo kwando gidan waya. Albasa ce manya-manya, saƙon Baba Shekara. A samanta ga ɗan jirgin karan nan, Jamilatu ta tsinto shi a gindin darni ta gyara. Ɗan Kogi ya rungumi kwandon, ya ruga neman Lawwali su raba.