Ganin Dama a Nan Yake Ƙarewa

Bayan isha'i Munevera ta fito daga asibiti, inda mijinta Ragib yake kwance tun kaka. Motar ƙauyensu ta riga ta wuce. Ta zube a bencin tashar da ke jikin maƙabarta, dusar ƙanƙara na sauka a hankali.

Wani dattijo na zaune a gefe. Ta yi sallama, ya amsa da murya kamar daga cikin rijiya.

"Kin gaji, 'yata."

"Na gaji, baba. Wallahi har kabari nake sha'awa. Can dai ba mai kirana, in yi abin da na ga dama."

Ya yi 'yar dariya. Duk sanyin nan, bakinsa ba ya fitar da tururi.

"Ganin dama a nan yake ƙarewa. Ga gidan ɗana can, mai fitila. Kullum ina so in ƙwanƙwasa, in ce ya yafe mini. Hannun ba ya ɗaguwa."

Munevera ta sunkuyar da kai don kada ya ga hawayenta. Nan ta ga ƙafafunsa: babu takalmi, an ɗaure manyan yatsun biyu da farin ƙyalle, ga ɗanyar ƙasa a jiki.