Katin da Na'ura Ta Haɗiye

Da hantsi matar ta shigo ofishin 'yan sanda, fuska a murtuke kamar wadda ta zo rigima.

"Ranka ya daɗe, mijina yana garin nan. Ku nemo min shi."

Insifekta ya ajiye biro. Mutum ne da ba ya son shiga tsakanin miji da mata, don ya sha ganin an shirya an bar ɗan sanda da jin kunya. Duk da haka ya nuna mata benci.

Mijinta mai gyaran firiji ne. Tun bara ya fita zuwa shago bai dawo ba. Washegari saƙo ya shigo daga wayarsa cewa ya tafi neman aiki can nesa, kada a neme shi. In ta kira, ba a ɗauka. Amma duk ƙarshen wata sai a biya wutar gidan ta intanet da katinsa na banki.

"Da haka nake sanin yana raye," in ji ta. "Watan nan kuwa shiru, ni da yara muna cikin duhu. Jiya sai ga kira daga banki, wai na'urar cirar kuɗi ta bakin kasuwa ta haɗiye katinsa, kuma sun kasa samun shi mai katin a waya."

Tare suka tafi bankin. Wata ma'aikaciya ta juyo wa Insifekta kwamfuta ta yi bayani. Wa'adin tsohon katin ne ya ƙare, suka aika da sabo adireshin da ya ba su, wato shagonsa. Shi kuma sabon kati ba ya aiki a intanet sai an fara kai shi na'ura an sa masa lambar sirri.

"An yi ta gwada shi a shafin biyan wuta, yana ƙi," ta ce. "Da abin ya ishi mai shi, sai ya je na'ura. Lambar sirrin ya yi ta kuskurewa har ta riƙe katin."

"Mutum kan manta lambarsa?"

"Sosai ma, yallaɓai. Sai dai wannan tun bara bai ciri ko sisi ba. Wuta kawai yake biya."

Insifekta ya shiga tunani. Wane irin mai rai ne wannan, ba ya ci, ba ya sha, ba ya hawa mota, sai dai ya kunna wa iyalinsa fitila?

Aka buɗe hoton kyamarar na'urar. Ga mutum tsaye, hula ta sauko har gira, takunkumi ya rufe hanci da baki. Matar ta miƙa hannu ta shafi gilashin kwamfutar.

"Rigarsa ce. Ni na ɗinke aljihun nan." Ta ƙara matsawa kusa, muryarta ta yi ƙasa. "Amma baban yara yawa take yi masa. Wannan ko wuyan hannu ba ta kai masa ba."

Insifekta ya ce ta koma gida ta jira. Shi kuma ya ɗauki kofur ɗaya ya nufi shagon.

Shago ne mai zurfi, matattun firiji jere a jikin bango, ƙofofinsu a wangale. Abokin aikin mijin, wani zanƙalelen mutum da ake kira Sifana, ya taso yana goge hannu da tsumma.

"Yaushe rabonka da shi?"

"Tun ranar da ya tafi. Ko sallama bai yi min ba."

"An kawo masa ambulan daga banki?"

"Ban ga komai ba, yallaɓai."

"Ka iya biyan wuta ta waya?"

"Ni? Kira ma da ƙyar."

Sifana ya tafi ɗauko wa baƙi kujera daga ƙuryar shagon. Hanya a miƙe take, amma sai ya yi kwana, ya raɓa jikin bango, ya dawo ta nan ɗin dai. Insifekta ya dubi ƙasa. Wurin da ya kauce wa simintinsa ya fi na sauran ɗakin haske.

Insifekta ya matsa kusa da shi. Ya karɓi kujerar, ya kai ta tsakiyar sabon simintin, ya zauna ya miƙe ƙafa.

"Tashi daga nan!" Sifana ya daka tsawa, kafin ya tuna da wa yake magana. Sai ya sassauta murya. "Don Allah, yallaɓai, ka tashi. Ba ya so."

"Wa?"

Sifana ya durƙushe. Ya ce gardama ce ta haɗa shi da mijin matar a kan rabon shago, ya hankaɗe shi, ƙeyarsa ta bugi bakin firiji, ko shurawa bai yi ba. A nan ya binne shi, ya shafe wurin da siminti. Wayar mamacin tana hannunsa, lambobin katin suna ajiye a cikinta, bai taɓa buƙatar lambar sirri ba.

"Na ga muddin wuta tana zuwa gidan, ba za ta kai ƙara ba. Daga baya kuma ba don ita nake biya ba. In wata ya ƙare ban biya ba, sai in ji kamar ana ƙwanƙwasa ƙasa. Da katin nan ya ƙi, ban ƙara runtsawa ba. Na sa rigarsa ko na'urar za ta yarda shi ne."

Kofur ya sa masa ankwa ya tasa ƙeyarsa waje. Insifekta ya tashi daga kujerar a hankali, ya ji kunyar zaman da ya yi.

Da yamma ya isa gidan matar. Ta fito bakin ƙofa, tana ganin hularsa a hannu ta gane. Ba ta yi kuka ba. Ta waiga cikin gida inda yara ke wasa, ta jawo ƙofar a hankali.

"Yallaɓai, kai za ka shiga ka gaya musu. Tun bara nake ce musu ubansu ya gudu ya bar su, har babban ya daina yi masa addu'a."